Jakar haihuwa a Ikko, idan likita ya ce aiki za a yi



A gida, mace mai cikin fari ba ta damu da sanin yadda ake haɗa kayan haihuwa ba, don ba aikinta ba ne. Ciki na shiga wata bakwai za a zo a tafi da ita goyon ciki. Uwa ta tanadi itacen wanka da gero, gwaggo ta ware tsofaffin zannuwa, ƙanne suna nan don aike, ungozoma kuma gidanta ba nisa. Mu da neman abinci ya zaunar da mazajenmu a Ikko, daga Agege zuwa Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, yawancinmu ba mu da wannan gatan. Wasunmu ma a nan aka haife mu, amma iyayen sun tsufa sun koma gida. Uwa tana Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi, tsakaninki da ita yini da kwana a mota. Shi ya sa muka saba haɗa wa junanmu jakar asibiti, kuma wadda muka fi daɗewa a kanta ita ce ta macen da likita ya riga ya gaya wa cewa tiyata za a yi a ciro jaririn.

Wannan jakar ba a son haɗa ta. Mun sha zuwa gidan mace cikinta ya tsufa, mu tarar ta sayi kayan jariri kala-kala, ta ɗinka na fitar suna, amma takardar da aka ba ta a wajen awo tana ƙarƙashin katifa, ko mijin bai gani ba. In an matsa sai ta ce ai tana addu'a Allah ya juya lamarin. Addu'a kam dukkanmu muna yi. Abin da ke ƙasan maganar tsoron gori ne: kada dangin miji su ce raguwa ce, kada kishiya ta samu abin faɗa, kada a ce ta ja wa miji asara. Har akwai masu habaici da cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, kamar dai don ɗakin tiyata aka yi karin maganar. To ku duba dalilan da likitoci ke bayarwa. Jariri ya kwanta a gicciye. Mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, wadda in naƙuda ta taso jini ne zai ɓalle. Hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga. Ƙugu ya yi wa kan yaro kaɗan. An riga an yi mata aiki sau biyu a baya. Wanne ne a cikin waɗannan juriya take maganinsa? Duk wanda ya taɓa leƙa Babbar Ruga a Katsina, inda ake gyaran mata masu yoyon fitsari, ya ga abin da doguwar naƙuda ke bari a jikin macen da ta kwana biyu ko uku tana cije baki a ɗaka.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan haihuwa 3 cikin 100 ce kawai ake yi ta hanyar tiyata a Najeriya, alhali a 1985 masana a Hukumar Lafiya ta Duniya sun ga cewa 10 zuwa 15 cikin 100 ne daidai. Ma'anar wannan giɓi, masu buƙatar aikin da yawa ba sa samunsa. Hukumar dai ta ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa sanadin ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne.

Saboda haka ranar haɗa jaka muna roƙon maigida ya zauna tare da mu, ko da na rabin sa'a ne, kafin a buɗe zif. Abubuwan da suka fi nauyi a wannan shiri ba sa shiga cikin jaka, kuma kusan dukkansu a hannunsa suke.

Sai an fara da maganar sa hannu. Mace baliga mai hankalinta tana da ikon sa hannu da kanta a takardar amincewa da aiki, kuma ya kamata kowace mace ta san haka. Amma mun san halinmu. Da yawa cikin matanmu ba za su ɗauki biro ba sai sun ji muryar miji, dangin da ke wurin kuma kowa yana gudun a ce shi ya yanke hukunci. Ga shi sana'ar mazajenmu ta tafiya ce: mai tirela, mai fataucin shanu da ke zuwa Potiskum ko Maigatari, mai kawo albasa da tumatir. Akwai 'yar uwarmu da aka sa wa ranar Talata, sai faya ta fashe daren Asabar, mijin yana cikin motar shanu tsakanin Mokwa da Jebba, waya ba ta shiga. Abin da ya taimake ta, makonni biyu kafin nan ya raka ta awo, ya ji bayanin likita da kunnensa, ya dawo ya faɗa a gaban yayansa da maƙwabciyarsu cewa duk ran da abin ya taso a yi kawai, kada a jira shi. Ta sa hannu, yayan ya tsaya shaida, kafin asuba an ciro yarinya lafiya. Wannan kalma guda da miji zai furta tun da wuri, a gaban mutane biyu, ta fi duk abin da za mu lissafa a ƙasa.

Sai jini. Ba kowace mace ake ƙara wa jini a tiyata ba, amma likita yakan so a ce akwai leda ɗaya ko biyu a ajiye kafin ya fara, musamman ga wadda awo ya nuna jininta ya yi ƙasa, kuma irin wannan suna da yawa a cikinmu. A 2020 wata babbar kotun jihar Legas ta hana asibitocin gwamnati tilasta wa mazaje ba da jini a matsayin sharaɗin karɓar matansu awo. Hukuncin ya hana tilas ne, bai zuba jini a firji ba. Mukan nemi maza biyu masu lafiya tun ciki yana wata takwas, su je a gwada su, a san sun dace, a rubuta lambobinsu. Neman mai ba da jini da ƙarfe biyun dare, ana buga ƙofofi, abin tausayi ne da bai kamata ya faru ga aikin da aka san ranarsa ba. Wadda kuma aka rubuta mata negetif a gaban rukunin jininta, ta tambayi likita maganar allurar da ake yi cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa don kare cikin gaba. Tana da tsada, kuma ba kowane kantin magani ake samunta ba.

Kuɗi ba za mu faɗi adadi ba, don asibitin gwamnati daban, na kuɗi daban, farashin bara kuma ba shi ne na bana ba. Maigida ya je ofishin biyan kuɗi da ƙafarsa ya tambaya: nawa ake ajiyewa kafin a shiga da ita, me ke cikin kuɗin, me za a saya a waje, in jariri ya buƙaci kwanciya a ɗakin jarirai nawa ne kwana ɗaya. A watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. A tambaya tun a wajen awo ko asibitinku yana cikin shirin da kuma takardun da ake nema, kada a tafi hannu rabbana saboda an ji a rediyo. Haka masu inshorar Ilera Eko ta jihar Legas, su tabbatar katin yana aiki kuma tsarin da suka biya ya haɗa da tiyata. A riƙe tsabar kuɗi a kuma riƙe kati. Duk wanda ya yi jinya a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san yadda ake tsayawa gaban taga da kuɗi a asusu, sabis ya ƙi, maras lafiya tana jira. Mu a adashinmu, mai ciki ita ke kwasa a watanta na takwas, ko layi bai zo kanta ba, kuma ba a taɓa samun wadda ta yi ƙorafi ba.

Na ƙarshe cikin abubuwan da ba sa shiga jaka shi ne mutum. Macen da aka yi wa aiki ba ta iya miƙewa ta ɗauko jaririnta daga gadonsa a daren farko. Asibitoci da yawa ba sa barin namiji ya kwana a ɗakin mata, wasu ma ko mace ce sai dai ta kwana a baranda, don haka mai jinya tana buƙatar tata 'yar jakar: tabarma, zanin rufa, maganin sauro. Mun fi son mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa, babba mai haƙuri da ta san jego, da yarinya mai ƙafa wadda za a aika kantin magani ko ɗakin gwaji sau goma ba ta gaji ba. Lallai ɗaya cikinsu ta ji Yarbanci ko Turanci, ko da buroka ne. Amaryar da aka kawo daga ƙauye bara, nas tana yi mata bayani tana gyaɗa kai don kunya, ba ta gane ko kalma ɗaya ba, sai a ɗauka taurin kai ne. Sauran yaran gida ma a san wa zai riƙe su, wa zai kai su boko da Islamiyya, don mace ba ta samun barci a gadon asibiti tana tunanin wa ya ba ɗan autanta abinci.

Aikin da aka shirya yawanci a mako na 39 ake sa shi, amma naƙuda ba ta duba kalanda. Mukan kammala jaka kafin mako na 36 mu ajiye ta bakin ƙofa, inda ko yaro aka aika zai gane ta. Wadda aka sa wa rana in ta ji ciwon mara yana zuwa yana dawowa, ko faya ta fashe, ko ta ga jini, ko motsin yaro ya ragu, ta tafi a lokacin, ba sai ranar ta zo ba. Kowa ya san cunkoson Ikko, ya kuma san yadda ruwan Yuni da Yuli ke shafe titi. A yi magana da mai mota guda a unguwa wanda zai ɗaga waya da tsakar dare, a samu na biyu saboda tsaro, a kuma ajiye 112 da 767 a waya, lambobin agajin gaggawa na jihar. Masu tunanin tafiya goyon ciki gida bayan an ce aiki za a yi, shawararmu su tsaya inda katinsu yake, a ɗauko Inna ta zo. In kuma tafiyar ta zama dole, a yi ta da wuri da izinin likita, a tafi da duk takardu, a yi rajista a babban asibiti da zarar an sauka.

Yanzu jakar kanta. A samanta ake sa takardu cikin leda mai zif: katin awo, hotunan ciki duka, sakamakon gwajin jini, katin inshora, katin shaida, da takarda guda mai lambobin miji da masu ba da jini da mai mota, don waya tana mutuwa. Kowane asibiti kuma yana ba da nasa jerin kaya, irin su Dettol, Jik, auduga, sifirit, safar hannu, ledar shimfiɗa, sabulun wanki, man zaitun. Wannan a saya yadda aka rubuta, ba wurin musu ba ne. In sun karɓa ba su dawo da ragowar ba, a bar musu.

Kayan uwa su muka fi ba hankali, don a nan jakar tiyata ta bambanta da ta haihuwar da aka saba. Yankan a ƙasan mara ake yinsa, a kwance, daidai inda bakin kamfai da ɗaurin zani suke zama. Duk abin da zai kwanta a wannan layi azaba ne. Sai a sayi kamfai na auduga masu hawa har saman cibiya, waɗanda suka fi girmanki da lamba ɗaya ko biyu, masu duhun launi, kamar guda shida. Zani a ɗaura shi a ƙirji. Siket mai roba da duk wani ɗinki mai kama jiki su jira a gida. Dogayen riguna marasa nauyi guda uku ko huɗu, masu maɓalli ko zif a gaba saboda shayarwa, masu faɗin hannu saboda robar ƙarin ruwa da ke hannu. A ranar farko akwai kuma robar fitsari, wadda ake cirewa yawanci cikin yini guda, shi ya sa riga ta fi komai sauƙi.

Mata da yawa suna zaton tunda ta ciki aka ciro yaro ba za a yi jinin biƙi ba. Ana yi, kuma yana iya ɗaukar makonni har shida. A sa audugar mata manya ta masu jego, ƙunshi biyu ko uku, da tsofaffin zannuwa wankakku don shimfiɗa. Akwai wani abu da ba ya cikin jerin kowane asibiti amma duk wadda aka yi wa aiki za ta shaida amfaninsa: ɗan ƙaramin filo. Shi ake dannawa a kan mara in tari ya zo, ko atishawa, ko dariya, ko za a tashi zaune. Shi ne kuma zai raka ki a mota ranar sallama, don kowane rami a titin Agege sai kin ji shi a ɗinki. Ranar nan ba ranar keke ba ce.

Yawanci ba a sa mace barci. Allura ake yi a gadon baya, jiki ya mutu daga ƙirji zuwa ƙafa, kina ido biyu, za ki ji ana taɓawa ana ja amma ba zafi, za ki ji kukan farko da kunnenki. Bayan an fito wasu sukan yi rawar sanyi ko da garin da zafi, don haka safa da bargo mara nauyi su shiga. Leɓe yana bushewa, ɗan man kaɗanya ya isa. Kofi mai robar zuƙa yana taimakon wadda ba ta iya ɗaga kai. Silifas mai faɗi, don ƙafa tana kumbura kuma ba halin sunkuyawa. Filas na ruwan zafi, buta, bokiti, soso da sabulu, tawul biyu, tocila, caja mai doguwar waya, da fanka mai caji, wadda a Ikko ta fi gwal daraja. Ƙananan hijabai biyu da ɗankwali, don likitoci maza da ɗalibai suna zagaye da safe. A ɗakin tiyata kuwa rigarsu da hularsu za ki sa. Ba laifi a nemi mace in akwai, amma kada a mai da shi sharaɗi. Malaman da muka tambaya duk sun ce lalura ta halatta likita namiji.

Akwai shirin jiki da ake mantawa. Mun san daɗin lallen haihuwa, amma a bari sai an dawo. Ma'aikata suna duban tafin hannu da farce don gane ko jini ya yi ƙasa, kuma 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini baƙin lalle yana iya rikita ta. A cire jigida, zobe, 'yan kunne, sarƙa da duk wata laya tun a gida, a damƙa wa amintacciya. Kitso a yi mara tudu a ƙeya, ba ƙarfe a ciki, don za ki daɗe a rigingine. Sai maganar kame baki. In likita ya ce kada a ci kada a sha daga ƙarfe kaza, to ya haɗa da rubutu da tofi da zamzam. Abin da ke cikin ciki yana iya tasowa ya shiga huhu lokacin aiki. Iyayenmu mata suna yi ne don ƙauna, mun sani. A shafa a goshi da ciki tun a gida, a riƙe carbi, ragowar a ajiye sai an ba da izinin sha. Wadda kuma take shan maganin zaƙi, ko agbo da maƙwabta Yarabawa suka ba ta, ta gaya wa likita gaskiya, ko da zai yi faɗa.

Kayan jariri ba sa buƙatar dogon bayani, don su ne kowa ya fi zumuɗin saya. Riguna huɗu ko biyar wankakku, hula, safa, shawul biyu, famfas na sabuwar haihuwa, gidan sauro. Cibiya a bi abin da asibiti ya ce, ko man kuloheksidin ko sifirit, ban da gashi da tsumma mai zafi, ban da man goge baki. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne abincin farko kuma kariyar yaro. Ko kina kwance a sa miki shi a ƙirji ya kama, daga baya ki riƙe shi ta gefe ƙarƙashin hammata don kada ya danne ɗinki. In uba ba ya nan a san wanda zai yi kiran salla a kunne. Kafin a fita a tabbatar an yi masa rigakafin farko, na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta, in kuma ido ko fata ta yi rawaya a nuna wa nas nan take. A kuma taho da ƙaramin bokiti mai murfi da leda, don asibiti zai miƙo mabiyiya. Mai gidan haya da siminti ya shafe ko'ina ya nemi inda zai binne ta tun kafin ranar. Mun ga magidanci yana yawo da bokiti a hannu da magariba bai san inda zai nufa ba.

Akwai kuma abin da muke cirewa daga jaka in mun tarar da shi. Zuma, don ba a ba jaririn da bai shekara ba. Turaren wuta, don ɗakin na mutane da yawa ne kuma hayaƙi yana sa tari, tari kuwa kin ji abin da yake yi wa ɗinki. Ɗamarar ɗaure ciki, sai likita ya ce lokaci ya yi. Sai kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa tare da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Macen da hawan jini ne ya kai ta ga tiyata, kanwa ba abokiyar tafiyarta ba ce ko kaɗan. Koko, shayi, farfesu mara yaji sosai, gwanda, kankana da ruwa mai yawa sun wadatar, su ma sai an ce a fara. In nas ta zo washegari ta ce ki tashi ki taka, ba mugunta ba ce. Tafiyar ce ke hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa, ita ke sa hanji ya motsa iska ta fita.

Rigimar da ta fi wuya tana jiran mace ne a gida, ranar da Inna ko uwar miji ta ɗora tukunya ta karyo ganyen darbejiya. Wankan jego yadda aka gada, da tafasasshen ruwa ana fyaɗa ganye a ciki, ba na mai ɗinki ba ne. Ruwa mai ɗumi, a wanke a hankali, a tsane wurin da tawul mai tsabta, a bar shi a bushe. Amma wace 'ya ce za ta kalli uwar da ta kwana a mota don ta, ta ce Inna ba haka ake yi ba? Dabarar da muka samu ita ce kada maganar ta fito daga bakin mai jego. Kafin sallama mukan shigo da Inna gaban nas, mai tafinta a tsaye, a yi mata bayani ita da kanta, a girmama ta, a ce ita ce mai kula da ɗinkin. In ba ta iso ba tukuna, a ɗauki bayanin a murya a tura mata ta WhatsApp. Tsohuwar da aka damƙa wa amana a gaban likita takan fi kowa tsanani wajen kiyayewa.

Haka maganar suna. Ana sallama yawanci a kwana na uku zuwa na biyar, ranar bakwai kuma ga taro. Mace mai ɗinkin kwana bakwai tana canja kaya sau uku, tana durƙusawa gaida baƙi, tana hawa bene tana sauka, wannan ba gata ba ne. A raɗa suna a yanka rago ranar bakwai yadda addini ya tanada, taron mata a ɗaga shi zuwa arba'in, lokacin da za ta iya sa leshinta ta ji daɗinsa. Har makonni shida kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi. Jarkar ruwa daga famfon unguwa, wanki a tsugune, daka, duk a raba wa maƙwabta, maigida kuma ya sa kuɗin mai ruwa cikin lissafinsa.

A aljihun gefen jaka mukan saka wata takarda da hannu muka rubuta, da boko da ajami, mu ce a manna ta a bango in an dawo. Zazzaɓi. Ɗinki ya kumbura, ya yi ja, yana ruwa ko wari. Jini yana jiƙa auduga cikin sa'a guda, ko yana fita da manyan guda-guda. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Numfashi yana sarƙewa. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi. Kowanne cikin waɗannan asibiti ake komawa a ranar, ba kemis ba, ba a jira maigida ya dawo daga kasuwa. Takardar sallama kuma a adana ta tare da takardun gida, don likitan ciki na gaba zai so ya san dalilin aikin da irin yankan da aka yi. A ba mahaifa hutu, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin wani cikin, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta ko da likita ya ce za ki iya gwadawa da kanki.

Filas, bokiti, fanka da tabarma akwai na aro a wajen shugabar mata, duk wadda ba ta da hali ta aiko a ba ta, a dawo da su a wanke. Abin da muke ƙarancinsa sunayen masu ba da jini ne. Samarinmu da magidanta masu lafiya, wanda ya san rukunin jininsa ya ba sakatare suna bayan sallar Juma'a, wanda bai sani ba za a haɗa shi da inda zai gwada. Akwai mata uku a cikinmu da aka sa wa rana kafin ƙarshen wata mai zuwa. Allah ya sauke su lafiya, ya raba su da abin da ke cikinsu cikin sauƙi.